Leda a Kan Mota: Ku Gama Dariyar Tukuna

Na san abin da za ku ce, don haka bari in riga ku faɗa. Mutum da hankalinsa ya sayi mota mai rufin ƙarfe, rufin da ba ya yoyo, ba ya yagewa, sai ya ɗauko leda ya shafa mata gam ya manna a kai, har ya biya kuɗi a kan haka. Bayan shekara 30 ledar ta tsattsage, maimakon ya gode wa Allah da ya raba shi da wahala, sai ya bazama neman wata sabuwa ya sake mannawa. Kuna tambaya, in wannan ba rashin aikin yi ba ne, to mene ne? Ku gama dariyar, ina jira. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa a cikinku ma na hango shi, shi ne wanda shekara ta uku ke nan bai cire ledar da ta zo da kujerun motarsa ba.

Abin ba da wauta ya fara ba, da dole ya fara. A shekarun 1920 masana'antun mota ba su da injin da zai matse rufi guda cur daga falle ɗaya na ƙarfe, saboda haka tsakiyar rufin motar da ke da rufaffen ɗaki katako ne da ragar waya, a shimfiɗa auduga, a lulluɓe da yadi mai hana ruwa. Sai a 1935 kamfanin General Motors ya fito da rufin ƙarfe zalla da ya kira Turret Top, ya cika jaridu da tallar cewa daga yau an huta da yoyo. Da a ce hankali kaɗai ke jan ɗan Adam, da labarin ya ƙare a nan, da ni ma na nemi wani abin rubutawa.

Amma akwai ido, akwai kuma son a ce. A Amurka ta wancan zamani, motar da ake naɗe rufinta a sha iska ita ce motar 'yan gayu, sai dai tana da tsada, tana da ƙugi, sanyi kuma na shiga. Mutane na son a gan su kamar a cikinta suke, ba sa son wahalarta. A 1949 General Motors ya gane wannan, ya fito da motoci masu rufin ƙarfe marasa ginshiƙi a tsakanin tagogi, irin su Buick Riviera da Cadillac Coupe de Ville, waɗanda daga nesa sai ka rantse rufin naɗewa yake yi. Ford ba shi da irinsu a hannu, lokaci kuma na ƙurewa, sai ya ɗauki motarsa ta kullum ya manna mata leda a ka, ya sa mata suna Crestliner a 1950. Kaiser ya biyo da Dragon a 1953, da ledar da aka yi wa zane kamar saƙar gora. Cadillac ya sa wa Eldorado Seville tata a 1956. Wadda ta buɗe ƙofar gaba ɗaya ita ce Ford Thunderbird Landau ta 1962, da ledarta da kuma wani lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙyalli a kowace kafaɗar baya. A tsofaffin kekunan doki na sarakunan Turai, wannan ƙarfe shi ne gwiwar da ke naɗe rumfar. A jikin Thunderbird ba ya naɗe komai, ba ya motsi, da kusoshi aka ɗaure shi.

"To ai ƙarya ce ke nan, Malam!" Ƙarya ce mana, wa ya ce maka gaskiya ce? Ranka ya daɗe, kai da ka sa bakin salansa huɗu a bayan mota mai salansa ɗaya, ka zauna mu yi hira a matsayin 'yan'uwa.

Abokan wasana Kanawa, na ga kun gyara zama tun da aka ambaci kuɗi, to ga naku. Ledar ba ta da tsada a wurin kamfani, amma a takardar ciniki layinta daban, kuɗinta daban. Wannan riba ta farko ke nan. Ta biyun ta fi daɗi. Inda rufin mota ya haɗu da kafaɗar baya akwai gaɓar walda, kuma a da ma'aikaci ne ke narka darma ya cike gaɓar, ya goge da hannu har ta ɓace, domin fenti mai sheƙi ba ya rufa wa kowa asiri. In mota za ta sa leda, wa zai ɓata lokaci yana wannan gugar? A cike sama-sama, a wuce. Wasu rufin ma ba su ga cikakken fenti ba, firaima kawai aka watsa musu. Wato an rage aiki, an kuma caji mai saye ƙarin kuɗi a kan ragin. Ku faɗa mini, a duk Kantin Kwari akwai wanda ya taɓa ƙulla irin wannan? Ledar nan hula ce a kan mai sanƙo: ado ce ga mai kallo, sutura ce ga mai kan.

In kuna neman shaida, ga Plymouth Superbird ta 1970, motar nan mai dogon hanci da fiffike a baya wanda ya ɗara rufinta tsayi. An ƙera ta ne domin tseren NASCAR, da fatan jawo direba Richard Petty ya dawo yi wa Plymouth tuƙi, dokar tseren kuma ta ce sai an sayar wa jama'a da irinta, don haka aka yi kusan 2,000. Domin iska ta zame sosai, an sauya gilashin bayanta, aka yi wa wurin ƙari da ƙarfe da walda. Gyara tabon a kowace mota zai ci lokaci da kuɗi, sai aka lulluɓe dukkansu da baƙar leda. Yau masu tara tsofaffin motoci na zuba dukiya mai yawa a kan Superbird, kuma wanda ya kuskura ya cire mata ledar ya rage mata daraja da hannunsa.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 abin ya zama annoba. Lincoln Continental Mark IV da Mark V sun zo da leda mai soso a ƙasa, ta yi tudu luƙui-luƙui, da wata 'yar taga mai siffar ƙwai a kafaɗa. Mercury Cougar ta 1970 ta samu leda mai zanen yadin kwat. Chrysler ya sayar da wata mai ɓawon fatar kada. Sai kuma wadda na ajiye wa Hajiya, da ke can gefe tana cewa maza dai ba su da abin yi: a 1969 Plymouth ya fito da Mod Top, leda mai furanni rawaya ko shuɗi da kore, a kan Barracuda da Satellite, domin a jawo hankalin mata. Ba ta samu kasuwa ba, Hajiya, matan sun fi masu kamfanin hankali, na ba ki wannan. Sai dai rashin kasuwar ne ya sa yau ake nemanta ruwa a jallo. Ingila ma ba a bar ta a baya ba. Rolls-Royce na lulluɓe wasu manyan motocinsa da wata leda mai suna Everflex, Rover 3500S na da tata, Ford Granada Ghia ma haka. A Amurka kuwa, Cadillac Fleetwood ta riƙe al'adar har 1996. Yanzu inda za ka fi ganinta shi ne a kan dogayen motocin alfarma da motocin ɗaukar gawa na Turawa, kuma dalilin bai canja ba: an yanka motar an ƙara mata tsawo, ana son a ɓoye ɗinkin.

Oga bakanike, tun ɗazu kake ɗaga hannu. Na san kalmar da ke bakinka, tsatsa. Kai kaɗai ne a zauren nan ba zan yi wa gardama ba, sai dai ka bar ni in faɗa yadda abin ke faruwa, domin kai in ka fara bayani sai an kira sallar magariba.

Ledar robar PVC ce, dangin wadda ake yin fayif ɗin ruwa da ita, an shimfiɗa ta a kan yadi. Abin da ya sa ta yi laushi ba ta sandare kamar fayif ba shi ne wani mai da ake cuɗawa a cikinta tun a masana'anta. Rana na zuƙe wannan mai a hankali. Yana ƙarewa ledar ta ƙanƙance, ta ja da baya daga gefuna, ta bushe, ta fara tsagewa. Ruwa ya samu hanya. Ko ba ta tsage ba, da ma akwai ƙofofi: ramukan da aka huda domin maƙala siraran ƙarafan ado, da 'yan ƙusoshin da wasu kamfanoni ke kafe bakin ledar da su a cikin kwarmin gilashin gaba da na baya. Ruwan da ya sauka a kan fenti rana ɗaya ta ishe shi bushewa. Wanda ya shiga ƙarƙashin leda ba shi da mafita, yadin bayan ledar ya tsotse shi, in akwai soso ya riƙe shi, ya kwanta a kan ƙarfen da tun farko ba a yi masa fentin kirki ba. A Michigan da Ohio damshi da dusar ƙanƙara ke wannan aiki, a Arizona rana ce ke gasa ledar har ta farfashe. Mai irin wannan mota a Sakkwato ko Damagaram ya haɗa biyun, ranar bazara ta tsaga, ruwan Agusta ya shiga.

Saboda haka in ka je sayen tsohuwar mota mai rufin leda, kada ƙyallin ya ɗauke ka. Bi gefen gilashin baya da babban yatsa kana dannawa, musamman kusurwoyin ƙasa, sannan ka bi ɗan indararon da ke saman ƙofofi. In ka ga ƙuraje sun taso a ƙarƙashin ledar, ko ka danna ka ji ƙurus-ƙurus, ba iska ba ce ta shiga, ƙarfe ne ya zama gari. Buɗe but ka duba ko akwai sawun ruwa, ɗaga kai ka kalli silin ɗin cikin motar. Abin da ya kamata ya fi tayar maka da hankali shi ne sabuwar leda fil a kan motar da ake gaggawar sayarwa. Tambayi mai ita hotunan rufin tsirara kafin a manna. In ya fara ba ka labarin kakansa da ya sayo motar, ka yi masa sallama.

Yanzu ga sauyawa, kuma a nan ne zan ɓata wa masu gaggawa rai. Manna ledar aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Abin da ke gabanta shi ne aikin makonni. Za a cire duk ƙarafan ado a hankali, da abin cire su, ba da sukundireba da ƙarfin tuwo ba, domin wasunsu in sun lanƙwashe ba za ka samu madadinsu a ko'ina ba. In tsatsa ta kai kwarmin gilashi, gilashin ma sai ya fita. Kafin a ɓare tsohuwar ledar a auna inda ɗinkunanta suka bi, a ɗauki hoto, kada kuma a jefar da ita sai an gama. Yawancin rufin nan ɗinki biyu gare su, ɗaya a kowane gefe daga gaba zuwa baya, saboda faɗin bandir ɗin leda bai wuce inci 54 ba, rufin manyan motocin Amurka kuwa da kafaɗunsa ya fi haka. In ɗinki ɗaya ya fi ɗaya matsowa tsakiya da ɗan yatsa guda, duk wanda ya tsaya a bayan motar zai gani, kai ma kullum za ka gani.

Daga nan a kankare tsohon gam tas, a bi da samfefa har ƙarfe ya bayyana. Inda tsatsa ta huda, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Mai gyaran bodi zai ce maka, "Alhaji, ai leda za ta rufe, mu cika da fila kawai." Ka tuna masa cewa wannan maganar ce aka yi a masana'antun motocin Amurka shekara 50 da suka wuce, ga shi yau kuna tsaye a kan sakamakonta. Fila na shan ruwa, kuma leda ba ta ɓoye tudu da kwari yadda ake zato, rana na faɗuwa a kaikaice kowane gargada zai fito. A shafa firaimar epoksi, wadda ba ta barin damshi ya ratsa, a yi fenti cikakke kamar babu abin da za a ɗora a kai. Sannan a jira. Fentin da bai gama bushewa ba yana fitar da tururi, gam kuma na da sinadarin da ke narka ɗanyen fenti, in aka haɗa su da wuri sai ledar ta kumbura ko ta tashi da fentin gaba ɗaya. Mai fenti ya faɗi kwanakin da fentinsa ke buƙata, ka ƙara masa, kada ka rage.

Ranar mannawa a shanya sabuwar ledar a rana ta yi laushi, alamun ninki su saki. A ja layi da alli a tsakiyar rufi, a ja wani a tsakiyar bayan ledar, a haɗa su. Gam ɗin irin na shafa-biyu ne, a fesa a ƙarfe, a fesa a leda, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, kuma dole ya zama mai jure zafi wanda aka yi domin rufin mota. Na masu gyaran takalma zai riƙe har zuwa ranar farko da aka ajiye motar a filin Idi. Wurin ya zama mai iska, babu mai shan taba, babu mai walda a kusa, domin tururin gam ɗin na kama wuta, yana kuma juya kai. Ana farawa daga tsakiya, a manna siririn layi, sannan a bi gefe ɗaya kaɗan-kaɗan ana ja ana shafewa, a koma ɗayan. Aikin mutum biyu ne, uku ma ba su yi yawa ba, domin irin wannan gam in ya kama ya kama, babu "ɗan ɗaga mu gyara". Kafaɗun baya su ne jarrabawa, a nan rufin ke lanƙwasa ta fuska biyu, sai an ɗan hura wa ledar zafi tana miƙewa. Zafin ya yi yawa, zanen fatar ya narke ya bar tabo mai sheƙi wanda ba ya gyaruwa. In motar mai soso ce, a sa soson da ba ya tsotsar ruwa. A yanke rarar a ƙarshe, ba a farko ba, a toshe kowane rami da kowane baki kafin a mayar da ƙarafan ado. Duk mai ɗinkin kujerun mota da hannunsa ya faɗa zai iya wannan, in ya yarda cewa rufi ba kujera ba ne.

Kulawa kuwa ba ta da wani sirri, shi ya sa ba a yin ta. Ruwa, sabulu mai sauƙi, buroshi mai laushi da zai shiga cikin zanen ya fito da ƙura, a ɗauraye sosai, a goge ta bushe. Bayan haka a shafa man kare leda daga rana, irin wanda ba ya barin maiƙo. Abin da ba a yi ya fi yawa. Ba a goge ta da fetur ko kananzir ko tina, domin su ma suna zuƙe man da ke cikinta, sun ma fi rana sauri. Ba a sa mata bilic ko da fara ce ta yi dauɗa, zaren ɗinkin ne zai fara ruɓewa. Ba a shafa mata folish ɗin fenti, zai maƙale a cikin zanen ya bushe fari. Yaron gidan wankin mota da ke shafa baƙin mai ko man birki domin abu ya yi ƙyalli, a gaishe shi, a ce ya tsaya a taya, tayar ma da za a ji tawa da an hana shi. Injin wanki mai feshin ƙarfi kada ya kusanci gefuna, tura ruwan yake yi daidai inda ba a so. Kashin tsuntsu a wanke shi a ranar. Inuwa ita ce rabin maganin, amma inuwar gareji ko rumfa, ba ta darbejiyar da tsuntsaye ke kwana a kai ba. Kada kuma a ƙunshe motar da tamfol ɗin roba a bar ta wata da watanni, gumi zai taru a ciki. In 'yar tsaga ta bayyana a toshe ta a makon, kafin damina ta gan ta.

Saura kai, ɗan samari, da ka ce a ɓare ledar kawai a yi fenti a huta. Ana yi, kuma ga motar hawa ta yau da kullum ba zan ce ka yi laifi ba. Amma kada ka ɗauka ka gudu daga aiki, domin gaɓar nan da kamfani ya yi wa sama-sama yanzu kai za ka gyara ta har ta iya ɗaukar fenti mai sheƙi, ga ramukan ƙarafan ado da za a toshe da walda ɗaya bayan ɗaya. Sannan motar na da takardar haihuwa. A motocin Dodge da Plymouth akwai ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashin bonet, in an buga V1X a jikinsa to da baƙar leda ta fito daga masana'anta, in V1W ne da fara. Mai saye da ya san abin da yake yi zai karanta allon kafin ya kalli fuskarka. Kuma akwai motocin da aka zana su da ledar a zuciya. Cire wa Lincoln Mark V tata ka tsaya daga nesa ka kalla, za ka ga ƙaton ƙarfe yana neman inda zai sa kansa.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? In da alƙalami da takarda za a yi lissafi, ba ta biya ba, Kanawa sun riga sun buga sun gaya mini. Leda ba ta ƙara gudu, ba ta rage shan mai, baƙar ma ƙara zafi take yi. Ni dai na ce ku samu Dodge Charger ta 1968, ja, da baƙin rufi, a wanke ta a ajiye muku a ƙofar gida da yamma, sannan mu ga wanda zai fara kiran mai hoto. Oga bakanike, kai ne za ka riga kowa, kuma na san da babban yatsanka a gefen gilashin baya za a ɗauke ka.